Ranar da Ƙafar Baba Ta Daina Jin Kira

Mahaifina ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a makarantar firamare, kuma duk wanda ya zauna a ajinsa ba zai manta da kyan rubutunsa ba. Shi ya sa gabana ya faɗi ranar da ya aiko mini da wata wasiƙa. Layin farko ya fara da haruffa manya kamar yadda ya saba, amma kafin ƙarshen shafi sun ƙanƙance, sai ka ce sawun tururuwa. Na lallashi zuciyata, na ce tsufa ne. Ba a jima ba hannunsa na dama ya soma karkarwa idan yana zaune, fuskarsa kuma ta daskare, babu fara'a. 'Yan gida suka ce fushi yake yi da su. Wasu dangi suka fara raɗe-raɗin sammu, yatsa kuwa amaryarsa ake nunawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne wata safiyar Sallah. Mun shirya za mu tafi Idi, Baba ya iso bakin zaure, sai ya tsaya cak, kamar an kafe ƙafafunsa da ƙusa. Na ce, "Baba, ka taho mana, za mu makara." Ya dube ni ya ce, "Ina kiranta, ba ta amsawa." A yammacin ranar wata jikarsa ta rarrafa ta nufi murhu, sai ga Baba ya zabura ya sure ta kamar ɗan shekara talatin. Ba zan ɓoye ba, a lokacin zuciyata ta raya mini cewa da gangan yake yi. Yau ina jin kunyar wannan zato.

Daga baya wani likitan jijiyoyi ya gaya mana sunan larurar: cutar Parkinson, wadda wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya fara bayyana siffofinta a 1817. Ni ba likita ba ne, fagen karatuna daban, amma na duƙufa bincike don in gane yadda mutum ɗaya zai kasa ƙetare ƙofa da safe, ya yi gudu da yamma.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma babu wani sashe guda da ke riƙe da tafiya shi kaɗai. Aikin haɗin gwiwa ne. Saƙon motsi yana tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ya gangara zuwa wasu curarrun ƙwayoyi da ke can ciki, a tace shi, sannan ya komo sama kafin a aika wa gaɓɓai. Abin da ke daidaita wannan kewaye shi ne sinadarin dofamin, wanda wani ɗan baƙin yanki a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke samarwa. Ƙwayoyin wannan yanki ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alamu su fito fili, kaso mai yawa daga cikinsu ya riga ya tafi.

Ni da na ɗauka idan dofamin ya yi ƙaranci, hanyoyin shiru suke yi. Ashe akasin haka ne. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa kamar kasuwa take ranar ci: kowa da cinikinsa, kowace magana da inda ta dosa. A cutar Parkinson kuwa, ƙwayoyin da ke wannan kewaye sai su koma bugawa tare a kan kiɗa ɗaya, sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa guda, fiye da kima. Idan duk 'yan kasuwa suka ɗauki amshi ɗaya da ƙarfi, wa zai ji muryar mai tayi? Haka umarnin "ɗaga ƙafa" ke nutsewa. Gaskiya Baba ya faɗa: yana kira, hayaniya ce ta hana a ji.

Kuma ba dukkan hanyoyin ke lalacewa lokaci guda ba. Wadda ke fara taɓuwa ita ce hanyar ayyukan sabo, waɗanda muke yi ba tare da tunani ba: taku, kaɗa hannu yayin tafiya, ƙifta ido, murmushi. Hanyoyin da ke aiki da mayar da hankali, ko da abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji, suna jimawa da ƙarfinsu. Firgici ma yana iya buɗe wata ɓarauniyar hanya na ɗan lokaci. Ta nan Baba ya bi ya ceci jikarsa.

Wannan fahimta ta yi mana rana. Muka samo alli, makamin aikinsa na dā, muka ja layuka a ƙasa daga tsakar gida zuwa zaure. Idan ya kafe, sai ya dubi layi ya tsallake shi, tafiya ta miƙe. In babu layi, sai in tsaya gefensa ina cewa "hagu, dama, hagu, dama", kamar yadda yake yi wa ɗalibansa a fareti. Ran farko har dariya ya yi, ko da yake a idonsa kawai na gan ta.

Na kuma gane cewa cutar ta daɗe da shigowa ba mu sani ba. A 2003 masanin nan na Jamus, Heiko Braak, ya kawo bayanin cewa lalacewar takan faro daga jijiyoyin sansanar ƙamshi da gindin ƙwaƙwalwa, sannan ta haura. Sai na tuna shekarun da Baba ya yi yana cewa turare ya daina ƙamshi, da fama da maƙarƙashiya, da naushin iska cikin barci.

Maganin lebodofa, wanda aka fara cin moriyarsa sosai a shekarun 1960, yana rage wannan amshi, jiki ya saki. Akwai kuma aikin dasa siririyar wayar lantarki a ƙwaƙwalwa, wanda Alim-Louis Benabid ya assasa a Grenoble ta Faransa a 1987. Babu ɗayansu da ke warkar da cutar, kuma a wajenmu samun maganin a kan kari ma wani yaƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma babu shakka da yawa a garuruwanmu ba su taɓa jin sunan abin da ke damunsu ba.

Shawarata ga mai karatu ita ce, idan tsohonka ya fara karkarwa, ko tafiyarsa ta yi nauyi, ko fuskarsa ta daina motsi, ka kai shi ga likita kafin ka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Kada ka ja hannunsa idan ya kafe, kada ka daka masa tsawa. Ba shi abin da zai bi, ka jira. Mu dai sai da muka tara dangi muka ba amaryar Baba haƙuri. Ita ce kuwa, har yau, take sabunta layukan allin nan kowace asuba bayan ta yi shara.