Littafin Waƙoƙinmu da Jan Biron Malama

Mu huɗu ne a ɗakin kwana ɗaya tun muna aji huɗu, kuma abin da ya haɗa mu shi ne wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya yage. Makarantarmu ta kwana ce, ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya. Don haka idan an tafi hutu, kowa sai ya zaɓi waƙar Turanci ɗaya ko biyu, ya yi ta saurare yana tsayarwa yana rubuta baitocin. In an dawo mu kwafe a littafin, mu ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba mu sani ba, mu nemo ta a ƙamus.

Gaskiya mun ƙaru. Kalmar da malami zai rubuta a allo mu manta kafin a tashi, in a cikin amshin waƙa ta zo, zama take yi daram, domin amshi maimaita kansa yake yi. A waƙoƙin Lucky Dube, mawaƙin Afirka ta Kudu da aka kashe a 2007, muka fara riƙe kalmomi irin su prisoner da slave, saboda yana furta kalma a fili. Harshenmu ma ya gyaru. Kun san matsalarmu mu Hausawa da p da f, yadda pan kan koma fan a bakinmu. Kwaikwayon mawaƙa ya rage mana wannan fiye da duk dariyar da aka yi mana a aji.

Sai muka fara jin kanmu. Ranar da Malamar Turanci ta ba mu insha'i, wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kan ƙarancin ruwa, sai muka zuba abin da muka tara. Biyu daga cikinmu suka rubuta we don't have no water, ɗaya ya sa gonna har sau uku. Takardun suka dawo jajawur.

"Malama, ai haka Turawan da kansu suke faɗa," in ji mu.

"Ku kawo mini inda kuka gani," ta ce.

Muka kawo littafin gabanmu yana faɗuwa, mun ɗauka ƙwacewa za ta yi. Ta daɗe tana buɗawa. Ta yage shafi biyu da ta ce ba za mu iya karanta su a gaban iyayenmu ba, kuma ba mu musa ba. Sannan ta yi mana bayanin da ba mu taɓa ji ba. Turanci iri-iri ne. Bob Marley ɗan Jamaika ne, kuma sau da yawa da Turancin mutanen tsibirinsu yake waƙa. Mawaƙan Amurka da yawa da harshen unguwa suke rerawa, inda kore magana sau biyu ba laifi ba ne. Na Legas kuma Burokin suke gaurayawa, shi ya sa muke ta jin dey. Ga shi mawaƙi kan datse kalma don ta dace da kiɗa. Shi kuwa mai duba takardar WAEC ko NECO daidaitaccen Turanci yake nema, kuma in babu kiredit a Turanci, hanyar jami'a ta toshe.

Ta sa muka raba kowane shafi gida biyu: hagu yadda mawaƙi ya faɗa, dama yadda za a rubuta a jarrabawa. A nan aikin ya yi nauyi, a nan kuma nahawun ya shiga. Kafin ka gyara she don't ya koma she doesn't, dole ka san dalili. Wata rana mun ɓata rabin awa muna gardama kan if I were, muna cewa mawaƙin ya yi kuskure, ashe shi ne daidai: haka ake faɗin abin da ba haka yake ba, ake fata kawai. Ta kuma nuna mana cewa a jarrabawar furuci ana tambayar kalmomi masu amon ƙarshe ɗaya, abin da ƙarshen baitoci ya daɗe yana koya mana ba mu sani ba.

Wasiƙar da muka sake rubutawa ta dawo da jan biro a wuri biyu kacal. Famfon makaranta kuwa har yau sai ranar da ya ga dama yake kawo ruwa.