Aikatau Ɗaya, Jika Arba'in

Kawuna yana da wata tsohuwar Toyota da yake ciyar da iyalinsa da ita a Illela. Ta Adar nake nufi, ba takwararta ta Najeriya da ke fuskantar Birnin Ƙonni ba. Ba fasinja yake ɗauka ba, murya yake sayarwa. Mai maganin gargajiya, mai sanarwar wa'azi, wanda ya buɗe sabon shago, duk sukan yi hayar motar ta zaga kasuwannin Badagishiri, Malbaza da Galmi tana shela. A bazarar 2025 ya sayi sabon anfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a kan jika arba'in, da bafil huɗu. Ya ce in raka shi Ƙonni a ɗaura masa, tunda takardar bayanin da Faransanci take, ni kuwa ɗan lakwal ne.

Da ɗokina na tafi. A watan Maris na shekarar ne sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, kowane ɗalibi a sashenmu yana jin shi ne zai samar wa kimiyya keɓaɓɓun kalmomi. Na riƙi littafi da alƙalami da niyyar tattara ararrun kalmomin gareji, in dawo in maye gurbinsu da na gida.

Garejin bai ba ni kunya ba. Maigidan Ba'adare ne, yaronsa kuwa daga Illelar Najeriya yake tsallakowa, saboda haka kowane ƙarfe suna biyu gare shi. Abin da maigida ya kira bafil, daga Faransanci, yaro sifika yake ce masa, daga Ingilishi. Fizibil ɗin wannan shi ne fiyus ɗin wancan. Mas ɗin maigida, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin mota, ita ce atin a bakin yaro. Har ma ba bafil maigida yake furtawa ba, bahil yake cewa, da anhili, domin karin harshen Yamma /h/ yake sa wa a wannan muhalli, bayan ya saƙala wasali ya raba cunkoson baƙaƙen asali. Na cika shafi uku ina jin daɗi.

Aikin kansa na kalle shi da rabin ido, abin da nake nadama a kai yanzu. Maigida ya fara cire kan batir. Ya jawo waya mai kauri daga filis ɗin batir, ya sa fizibil bai fi taƙi biyu daga batirin ba, ya ce in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, fizibil ne zai mutu a madadin motar. Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaure mas, gajera. Siririyar shuɗiyar waya ta taso daga rediyo, ita ce mai tada anfili in an kunna. Wayoyin sauti, ja da fara, ya bi da su ta ɗaya gefen motar, nesa da ta wuta, don kada kukan inji ya shiga bafil. Ya ɗauko ƙaramin batirin tocila ya taɓa wa kowane bafil: in fatarsa ta turo waje, ya gane ƙafar filis ke nan. Ya ce in aka juya wa ɗaya ƙafafu, wannan na turawa wancan na ja, ganga ta ɓace.

Ana nan aka zo kiransa jana'iza. Saura haɗa bafil huɗu a bakin anfili biyu. Yaron ya dube ni ya ce, "Malam, me takarda ta ce?" Na karanta, na fahimta a ganina, na ce, "Cewa ta yi a haɗa su biyu-biyu." Ya haɗa, filis da filis, mwan da mwan. Aka kunna, sauti ya tashi har masu shayi suka waiwayo. Kawu ya sa mini albarka. Muka kama hanya, muka karya a Tsarnawa muka yi arewa.

Kwana uku bayan haka, da tsakar rana a kasuwar Badagishiri, ana cikin tallar maganin basir, murya ta shaƙe, ƙauri ya tashi daga ƙarƙashin kujera.

Da muka koma Ƙonni, maigida bai buɗe anfilin ba ma; bayan bafil ya leƙa. Ya ce, "Wa ya ce a yi musu tagwaye? Wannan jerin gwano yake so." Sai a lokacin na ji kalmomin da ba su shiga littafina ba. Kowane bafil yana da turjiyar om 4. In aka yi musu jerin gwano, wuta ta fita daga na farko ta shiga na biyu, turjiyar ta zama om 8, sauti ya ɗan ragu amma anfili na hutawa. In aka yi tagwaye, kowanne na sha daga baki ɗaya, turjiyar ta faɗi zuwa om 2, wutar da ake zuƙa ta ninka. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa tun 1827 ke nan, maigida bai taɓa jin sunansa ba. Anfilin kawu bai jure ƙasa da om 4, ga zafin Afrilu, ga shi a matse ba iska. Takardar jeri ta ce. Ni ne na ɗauki hanyoyi biyu masu saɓani na cusa su cikin "haɗa".

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk sunayen da na tafi farauta ba wanda ya rikita kowa. Fiyus da fizibil sun zauna lafiya a faranti ɗaya. Inda aron bai kai ba, wato dangantaka tsakanin abu da abu, nan ne masu sana'a suka koma cikin Hausa suka ɗauko gwano da tagwaye, kuma nan ne mai nazarin harshe ya yi tuntuɓe. Ina ganin kwamitin da zai zauna a Yamai ya raɗa wa fizibil sabon suna zai sha wahalar banza; da zai zauna yini guda a bencin gareji yana sauraron aikatau da siffantawa, da ya fi samun abin rubutawa. Ban ce kowane gareji haka yake faɗa ba. A Maraɗi ko Sakkwato wataƙila wata kalmar ce, kuma wannan ma aikinmu ne mu bincika.

Kawu bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya rasa kasuwa biyu da kuɗin mai maganin basir. Gyaran ya ci jika goma sha biyu, na biya rabi daga kuɗin alawus ɗina. Da za mu tafi, maigida ya karɓi littafina ya jujjuya, ya ce, "Mushe, karanta mini abin da ka rubuta." Na karanta masa shafi ukun. Ya gyara mini biyu, ya ce in buɗe sabon shafi, akwai wani haɗin da suke kira gada.