Wace Waƙa Ce ta Ɗaya a Kankiya a 1975?

Duk mai son sanin waƙar da ta fi kowace tashe a Amurka a wani mako na shekarar 1975 ba zai sha wahala ba. Tun watan Agustan 1958 mujallar Billboard take buga jadawalinta na waƙoƙi ɗari, wanda ake kira Hot 100, kuma kowane mako yana nan a adane. A Ingila an riga su farawa: a Nuwamban 1952 jaridar New Musical Express ta soma tuntuɓar kantunan sayar da faifai tana tambayar abin da ya fi fita, waƙar Al Martino ta zo ta ɗaya. Da irin wannan lissafi aka san cewa faifan Thriller na Michael Jackson ya yi makonni 37 a saman jadawalin Amurka. To, idan aka juyo da tambayar gida, aka ce wace waƙa ce ta mamaye Kankiya ko Kusada a wannan shekara ta 1975, babu takardar da za a buɗe. Amsar tana ƙirjin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Waƙoƙi sun yi tashe a ƙasar Hausa kamar ko'ina, abin da ya bambanta shi ne hanyar da kuɗi ke bi. Jadawalin Turawa ciniki yake ƙirgawa. Yana bukatar kanti mai rubuta abin da ya sayar, da kamfanin da ribarsa ta rataya a kan yawan faifan da aka saya, da mujallar da za ta tara alƙaluman. Makaɗin Hausa kuwa ba daga mai sauraro yake cin abinci ba, daga ubangida ne. Sarki ko attajiri ko ɗan siyasa shi ke ba da doki da babbar riga, daga baya mota da kujerar Makka, sai kuma liƙin da ake yi a filin wasa. Mutum ɗaya ke biyan waƙa, dubbai su saurara. A irin wannan tsari babu wanda ƙirga masu sauraro zai ƙara wa ko kwabo, saboda haka babu wanda ya ƙirga.

Babu misalin da ya fi kusa da wannan yanki kamar Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa, maƙwabciyar Kankiya, a 1923, kuma a shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, ya yi Bakandamiya, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai bari ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Duk da haka, babu mai iya nuna rubutacciyar shaida ya ce waƙarsa kaza ta yi makonni kaza tana gaban sauran. Sunansa ya cika ƙasa, lissafin bai cika ko shafi ɗaya ba.

Amma jama'a suna da ma'auninsu, har guda uku. Na farko shi ne rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya shahara da shirin Zaɓi Sonka, inda mai sauraro ke aika kati ya nemi waƙa, ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka riƙa kafawa a garuruwa. Wannan shi ne abu mafi kama da jadawali da Arewa ta taɓa samu, domin kowane kati ƙuri'a ce. Sai dai ƙuri'ar ta fi fitowa daga wanda ya iya rubutu kuma yake kusa da gidan waya, galibi namiji, malamin makaranta ko akawu ko tela.

Ma'auni na biyu shi ne kaset. Da rikoda ta bazu a shekarun 1970, waƙa ta daina jiran mai gabatar da shiri. Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kuma abin da direba ya sa a motarsa fasinja ke sauka da shi a kunne, ya kai shi teburin mai shayi, daga nan ya bi 'yan cin kasuwa zuwa ƙauyukan Kusada da Ingawa. Mai kwafar kaset a tasha ko a rumfar kasuwa shi ne ya fi kowa sanin gaskiyar tashe. Ya san wanda ake tambaya sau goma a yini, ko Shata ne, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko Ɗan Anace, ko waƙar wani fim ɗin Indiya. Kaset ɗin da zarensa ya tsinke aka ɗaure, ya sake tsinkewa aka sake ɗaurewa, shi ne lamba ɗaya. Amma cinikin kwafa ba mai son barin sawu ba ne, don haka shi ma bai bar littafi ba.

Na uku shi ne gidan biki, kuma shi aka fi mantawa. Mata ba su cika zama teburin mai shayi ba, amma su ke yanke hukuncin waƙar da za a yi rawa da ita a cikin gida ranar suna ko ranar kai amarya. A can kiɗan ƙwarya ya yi mulkinsa, a can Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta kafa sunanta. Da a ce an yi jadawali a wancan zamani da katin rediyo kaɗai, da ya bar rabin al'umma a waje.

Shekarar 1999 ta zo da sauyi biyu. A watan Yuni Shata ya rasu, aka binne shi a Daura. A shekarar kuma fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a Kano, waƙarsa ta game gari, kiɗan fiyano ya fara ture kalangu daga kunnen matasa. Ubangida ya ɗan ja da baya, ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya matso gaba. Nan ne aka fara samun wanda yawan kwafin da aka sayar ya dama, sai dai masu satar fasaha sun riga shi kaiwa kasuwannin ƙauye. Bayan kaset da faifan CD, sai sana'ar masu tura waƙa a waya, waɗanda ke cika wa mutum memori da kuɗi kaɗan.

Yau Nijeriya tana da jadawalinta. Tun 2020 kamfanin TurnTable yake fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe, yana dogara da sauraro ta intanet da abin da tashoshin rediyo da talabijin suka sa. Ci gaba ne, amma tsohuwar matsalar tana nan. Lokacin da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye Arewa a zaman kullen korona na 2020, an ga sawunta a YouTube da shafukan sada zumunta. Wanda ba a gani ba shi ne saurayin Kusada da aka tura wa ita daga wayar abokinsa, ya saurare ta sau ɗari ba tare da ya kashe data ba. A idon na'urar ƙirga, bai taɓa jin ta ba.

Hasarar iri biyu ce. Ta farko ta mawaƙi ce: wanda ba shi da alƙaluma ba shi da abin ɗorawa a kan tebur idan ana maganar haƙƙin mallaka ko kuɗin talla, kuma iyalan tsofaffin makaɗa sun fi kowa jin wannan a jikinsu. Ta biyu ta tarihi ce. Masana sun yi aiki mai yawa: Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya nazarci Shata tun shekarun 1970, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah. Ayyukan nan sun adana rayuwar mawaƙa da kalmominsu. Ɓangaren da ya fi ƙarancin rubutu shi ne na mai sauraro: me ya zaɓa, a wace shekara, kuma me ya sa. Waƙar da mutane suka rungume a shekarun fari na farkon 1970, ko lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, tana faɗin halin da suke ciki fiye da rahoton hukuma.

Wannan giɓi bai gagari cikewa ba tukuna. Tsofaffin masu kwafar kaset, da direbobin da suka ajiye tuƙi, da 'yan zaɓi sonka, da tsofaffin zabiyoyi, wasunsu suna raye a Kankiya da Kusada. Ɗalibin Hausa ɗaya daga jami'ar Katsina ko ta Dutsin-Ma, da wayar da ke ɗaukar murya, zai iya zama da ashirin daga cikinsu ya tambaye su shekara bayan shekara, ya gwada amsoshinsu da juna. Abin da zai fito ba zai kai na Billboard daidaito ba, amma zai zama rubutacce, kuma na mutanen wurin. Bayan shekara goma ko sha biyar, ko an ɗauko wayar, da wuya a sami wanda za a tambaya.