Asubar Salla a Gaya: darasin kanwa

Daga Doso zuwa Gaya tafiyar kilomita wajen 150 ce. Tun kafin a isa, matafiyi zai gane ya shigo ƙasar Dandi: ga giginya, ga rake, ga fadamun shinkafa. Na sauka ran jajiberen ƙaramar Salla, a gidan wani ɗan kasuwa da muka yi lise tare.

Arzikin Gaya bisa gada yake. Tun 1958 gadar kogin Isa ta haɗa garin da Malanbil ta ƙasar Benin. Ta nan kayan tashar ruwan Kotonu suka saba shigowa, har da garin alkamar da ake gasa mana burodi. Kamba ta Nijeriya ma ba nisa.

Da asubar Salla na iske mahaifiyar abokina zaune gaban tanda. Ƙullun shinkafa ya kwana, ya yi tsami. Ta tsiyaya ruwan kanwa a ciki, ta juya, nan take ya yi kumfa ya taso.

Na ce: "Inna, ba ki sa yis?"

Ta ce: "Ɗana, yis na kanti ne. Ni da kanwa na iske uwata tana masa."

Abin da malamin kimiyya ya sha wahalar koya mana ke nan: in kanwa ta gamu da tsami sai iska ta fito, ita ce ke kumbura ƙullu.

Wannan dabara ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasar Irland, can yammacin Ingila, akwai burodin gargajiya da ake yi da abu huɗu: garin alkama, gishiri, tsala, wato nonon da aka cire wa mai, da bikarbonat, ƙanwar kanwa. Ya yaɗu tun wajen 1840 a gidajen talakawa, domin alkamarsu ba ta tashi sosai da yis. Akan cuɗa, a tsaga bisansa da wuƙa, a gasa cikin tukunyar ƙarfe da garwashi bisa murfi. Yau shi suke alfahari da shi ran 17 ga Maris, ranar bikin ƙasarsu, har a Amurka. Abincin talauci ya zama abincin biki, domin da abin gida aka yi shi.

Mu fa? A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, duk mai albashi ya ji a jikinsa wajen mai burodi. A ƙarshen Yuli na 2023, bayan juyin mulki da takunkumin CEDEAO, aka rufe gadar: manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, kaya suka koma ƙetarewa cikin kwalekwale, farashi ya hau. Amma tandar Inna ba ta huce ba. Shinkafarta ta bakin kogi ce, gishirinta na Foga, kanwarta ta Dallol Boso. Ba ɗaya da ya bi ta hannun ƴan duwan.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, mai son masarsa ta Salla ta tsira daga rikicin iyaka, sai ya taimaki manomin shinkafa da mai dafa gishiri. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na ci masa bakwai da zuma, muka kama hanyar idi. Allah Ya maimaita mana.