Tsakin Turawa

Kanawa sun daɗe suna yi mana ba'a, mu Zazzagawa, wai ba mu da abinci sai fate. Tun da na shiga jami'a kuwa na lura mu kanmu kunyar faten muke ji, mun fi so a ga gwangwanin Quaker Oats a ɗakinmu.

Ran nan wani yayana ya kawo tsarabar irin wannan hatsi daga ƙasar Ailan, amma ba mai faɗi-faɗin da muka saba gani ba. Wanda muka sani turara shi ake yi a danne, shi ya sa yake nuna nan da nan. Wannan kuwa datsa ƙwayar aka yi gida biyu ko uku. A gidanmu da ke Babban Dodo na auna kofi 1, ruwa kofi 4, da ɗan gishiri, na yi ta motsawa har rabin awa kafin ya yi kauri. Da Inna ta ɗanɗana sai ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan tsaki ne! Ina yakuwar, ina gyaɗar?"

Gaskiyarta. Abin da mutanen Ailan ke karya kumallo da shi, har suna sayar wa duniya, barzajjen hatsi ne, kamar tsakin masararmu. Su dai ba su raina nasu ba. To, 'yan'uwa ɗalibai, in mu 'yan boko muka ƙi koyon dafa fate, wa zai koya wa 'ya'yanmu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.