Watannin da Waɗansu Suka Yi Waƙa a Madadina

Mutuwa ta ɗauke mini matata a tsakiyar damina, bayan 'yar gajeriyar jinya, ta kuma haɗa da muryata. Tun ina saurayi nake cikin ƙungiyar mawaƙan majami'armu, na raka mutane da yawa zuwa makabarta da waƙa a bakina. Da abin ya zo gidana sai na tarar ko amshi ba na iya yi. In na buɗe baki, maƙogwaro ya shaƙe. Addu'a ma haka take: in durƙusa, in ce "Ya Uba," shi ke nan, sauran ya maƙale. A haka aka yi girbi, a haka hunturu ya same ni.

A zaman makoki na ji kalmomi iri-iri. Maƙwabtana Musulmi sukan shigo su zauna a tabarma, su ce, "Baban yara, sai haƙuri. Allah ya raya abin da ta bari." Su ɗan jima, su tashi. Dattawan ikilisiya ma yawancinsu haka suka yi, da ɗan "Ubangiji ya ta'azantar" da gajeriyar addu'a. Waɗanda suka fi yi mini nauyi su ne masu bayani. Wannan ya ce ta je wuri mafi kyau, don haka bai kamata in yi kuka ba. Wancan ya ce, "Kai fa mawaƙi ne, jama'a na kallonka." Wani ya kawo mini ayoyi a jere kamar mai amsa jarrabawa. Ba wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu, kuma na san ƙauna ce ta kawo su. Amma na gane dalilin da ya sa littafin Ayuba ya ajiye mana labarin Elifaz da Bildad da Zofar yadda ya ajiye. Kwana bakwai da suka yi zaune a ƙasa tare da abokinsu, ba wanda ya ce uffan, shi ne aikin kirkin da suka yi. Da suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa, sun cika surori da magana, a ƙarshe kuma, a sura ta 42, Allah ya yi fushi da su don ba su faɗi daidai game da shi ba.

Sai Zumuntar Mata. Matata tana cikinsu tun farkon aurenmu, kuma sau da yawa nakan ɗauki taronsu na tsakiyar mako abin da ke jinkirta mini tuwon dare kawai. Su ne suka riƙe gidan. Da yamma sai su shigo cikin zanensu iri ɗaya, wata da tukunyar kiɗa a kai, wata da kacau-kacau a jaka, su shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Wanda bai taɓa jin amon tukunyar nan a gidan rasuwa ba, da wuya in iya kwatanta masa. Ƙara ce mai zurfi, ba ta da kaifi, a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, a maimaita, a sake maimaitawa, ba gaggawa. Waƙoƙin nan yawancinsu matan ne ke tsara abinsu, daga labaran Littafi Mai Tsarki da kuma abin da suka gani da idonsu: zawarci, rashin haihuwa, binne 'ya'ya, gudun hijira. Shi ya sa kalmomin ke zama daram a kan karin, hawa da saukar muryar Hausa ba sa karyewa kamar yadda sukan karye a waɗansu waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci aka ɗora a kan karin Turawa.

A daren farko na yunƙura in tashi in gaishe su, in yi godiya kamar yadda ya kamaci maigida. Wata tsohuwa a cikinsu, wadda ta binne mijinta da 'ya'yanta biyu, ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kai dai zauna. Yau ba kai ne mai waƙa ba, mu za mu yi maka." Na ce, "Mama, ko addu'a ba na iya yi." Ta ce, "To, mu me muka zo yi?"

Na daɗe ina juya wannan magana. Ni da na yi shekaru ina koya wa matasa waƙa, ban taɓa lura da alherin da ke cikin waƙar amshi ba. Ba ta dogara da mutum ɗaya. In wata ta fashe da kuka a tsakiyar baiti, kamar yadda na ga ya faru a tsakar gidana, waƙar ba ta tsayawa, na kusa da ita su ɗauke mata har ta dawo. Manzo Bulus ya rubuta a Romawa sura 8 cewa sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu. Na sha karanta wurin. A cikin waɗannan makonni na ga cewa sau da yawa Ruhun yakan yi wannan aiki ta bakin tsofaffin matan da ba su yi makarantar tauhidi ba.

Ranar Lahadi kuwa ta zame mini jarrabawa. Ina son kiɗan zamani a sujada, ba na cikin masu ƙorafi a kansa. Kaset ɗin Panam Percy Paul muka yi samartaka da su, kuma har gobe waƙoƙin Solomon Lange na cikin wayata. Sai dai in aka ƙure lasifika, mai jagora ya ce kowa ya tashi ya taka rawa, ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa wannan makon na nasara ne, ni sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna, a ce bangaskiyata ta yi sanyi. In tashi, na yi ƙarya a gaban Allah. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai yi wa baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi, kuma na ji wannan sanyin a jikina. Da na ɗaga ido na duba kujeru, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Ga gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, ga iyayen da aka biya kuɗin fansa amma ɗansu bai dawo ba. A ƙasar nan tamu, kowace Lahadi akwai irinsu a kowace majami'a, kuma tsarin sujadarmu kusan bai tanadar musu ko minti biyar ba.

Littafin waƙoƙin da Allah ya ba mutanensa ba haka yake ba. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da ƙorafi. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah har sau huɗu tsawon lokacin da zai bar shi cikin wahala. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyi zuwa yabo a ƙarshenta, kuma an ba shugaban mawaƙa ita don a rera. Da Saul da Yonatan suka mutu a Dutsen Gilbowa, Dawuda ya tsara waƙar makoki, ya kuma ba da umarni a koya wa mutanen Yahuza ita. A koya musu! Wato kuka ma abin koyarwa ne a gidan Allah. Irmiya ya yi wa sarki Yosiya makoki, mawaƙa maza da mata suka ɗauka suka mai da shi al'ada. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi kafin rana ta faɗi. Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta farko zuwa Tasalonika, bai hana masu bi baƙin ciki ba. Baƙin ciki irin na marasa bege ya hana. Mu ne muka gauraya wannan da namu "namiji ba ya kuka," muka ba shi suna bangaskiya.

An ba ni labarin Horatio Spafford fiye da sau ɗaya a lokacin, lauyan nan na Chicago wanda 'ya'yansa mata huɗu suka nitse a teku a 1873, sa'ad da jirgin Ville du Havre ya nutse, ya kuma rubuta waƙar da ake rerawa a jana'iza a ƙasashe da dama. Labarin gaskiya ne, waƙar kuma mai daraja ce. Amma masu ba da shi kan yi tsalle daga jirgin zuwa waƙar, mai makoki kuwa a tsakanin biyun yake zaune.

A gida ne abin ya fi tsanani, a gida kuma sauƙi ya fara. Sujadar iyali ta dare, matata ce ke riƙe da ita. Ni nakan yi addu'ar rufewa, amma ita ke tara yara, ita ke zaɓen waƙa, ita ke tambayar ayar haddacewa. Kayan aikinta uku ne a kan ɗan teburin falo: Littafi Mai Tsarki tsohuwar fassarar 1932 da ta gada daga mahaifinta, wadda yara ke ƙorafin Hausarta ta yi musu tsauri har muka ƙaro ta 1979, Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya rabu ta ɗinke da zare, da littafin ibada Abincin Yini na shekarar. Bayan jana'iza ba wanda ya taɓa su. In dare ya yi kowa ya shige ɗaki. Har wata rana autanmu ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Baba, mun daina yin addu'a ne don Allah bai ji ta Mama ba?"

Ba ni da amsa. Na ce ya kira yayyensa. Muka zauna, na gaya musu gaskiya, cewa ni ma na roƙa a warkar da ita ba a warkar ba, ban san dalili ba, kuma ba na iya waƙa tukuna. Babbar 'yarmu ta jawo Littafin Waƙoƙin ta buɗe, sai ga alamun fensir a gefen lambobi, wani wurin da kwanan wata, wani wurin da sunan wanda aka binne da waƙar. Ashe shekara da shekaru tana sa wa littafin alama ba mu sani ba. Yarinyar ta ɗauko ɗaya a cikinsu, ƙannenta suka kama. Ba su duba takarda ba, duk suna kansu. A nan na fahimci abin da uwarsu ta yi a dararen da nake ganin tana takura wa yara masu jin barci. Rumbu take cikawa, ga shi bazara ta zo an buɗe.

Daga ranar muka koma zama kowane dare, amma muka sauya tsari. Zabura ɗaya, bi da bi, ba ma tsallake masu zafi. Waƙa ɗaya daga cikin masu alamar fensir. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya tuna game da Mama, ko na dariya ne ko na kuka. Ba na yin wa'azi. In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfina, sai in ce mu kai ta gaban Allah yadda take. Na lura yara sun fi manya iya wannan. Ba sa yi wa Allah kwana-kwana.

Iyaye kan tambaye ni yanzu wane littafi ko wace manhaja za su samo wa iyalinsu. Abubuwan sun yawaita, alhamdu ga Ubangiji. Mahaifina sai ya kasa kunne ga gajeren zango kafin ya kamo shirin Hausa na Rediyo ELWA, tashar da aka buɗe a Monrobiya a 1954. Yau Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin waya, har da na saurare, waƙoƙi kuma sun cika YouTube. Ina amfani da su, musamman a daren da barci ya ƙi. Sai dai shawarata ita ce a samu littafi na takarda wanda za a iya sa wa alama, a kuma rera waƙar da baki, ko muryar ba daɗi. Abin da aka kunna wa yaro yakan wuce ta kunnensa. Abin da ya rera tare da uwarsa yana zama. Kuma a koya musu waƙoƙin mutuwa da tashin matattu tun gida na lafiya, domin ranar da za a bukace su ba ranar koyo ba ce.

Muryata ba ta dawo da wani abin mamaki ba. Wani dare yara na waƙa, sai na ji kaina ina yin amshi ƙasa-ƙasa, ba wanda ya juyo ya dube ni, na kuma gode musu da hakan. Kewa ba ta tafi ba. Har yanzu akwai waƙar da in aka ɗauko ta a majami'a sai na fita waje. Amma na daina jin cewa Allah yana jira in share hawaye kafin ya karɓe ni.

Da na koma ƙungiyar mawaƙa, na roƙi fastonmu da dattawa a ba mu wuri a sujada, sau ɗaya a wata, mu rera zaburar kuka, a hankali, ba rawa, a kuma ambaci waɗanda suka yi rashi. An yi muhawara. Waɗansu suna tsoron zai sanyaya wa matasa gwiwa, amma aka yarda a gwada. Mun nemi Zumuntar Mata su sa mana kari, domin sun fi mu sanin yadda ake ɗora Hausa a kan tukunya. Zabura 13 da ta 42 sun zauna, jama'a har sun fara amsawa. Ta 88 ce muke fama da ita. Duk karin da muka gwada, sai wani a cikinmu ya so ƙara mata baitin nasara a ƙarshe, tsohuwar nan kuwa ta ce a bar ta yadda mai ita ya bar ta. Ranar Alhamis mai zuwa za mu sake zama a kanta.