Jiran da Ake Ƙirgawa da Wata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba rashin haihuwa ma'ana mai sauƙin riƙewa: miji da mata su shekara guda suna tarayya, ba su ɗauki wani matakin hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai samu ba. A rahoton da ta fitar a watan Afrilun 2023, ta ce kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi shida a duniya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan adadi ƙalilan ce. A ƙasar Hausa kuwa ba a jiran shekara. Wata uku bayan biki ake fara ƙare wa amarya kallo, ana neman alamar laulayi. In shekara ta zagayo shiru, zolaya takan koma jaje, kuma mace ake yi wa jajen. Kalmar juya ma ita ake jifa da ita.

Akwai wata akanta a Kano da ta shekara tara cikin wannan jira. An ɗaura mata aure tana da shekara 26, mijinta injiniya ne, kuma su biyun sun yi karatun da ya isa a ce sun san hanyar asibiti. Duk da haka shekarunta biyu na farko sun ƙare ne a hannun masu ba da shawara. Gwaggonta ta kawo saiwoyi, wata abokiyar aiki ta haɗa ta da mai maganin sanyi, uwar mijinta ta aiko da rubutu a jarka. Ta sha duka, wani don sa rai, wani don kada a ce ta raina. Da wata maƙwabciya ta ambaci Clomid, sai ta saya a kemis ba tare da takardar likita ba, ta yi watanni tana sha, alhali aikin maganin shi ne taimaka wa macen da ƙwanta ba ya fita a kan kari, ita kuwa babu wanda ya taɓa auna ko nata yana fita.

A shekara ta uku ta je wurin likitan mata. Aka ɗebi jininta a ranakun da aka ƙayyade na al'adarta, aka yi mata hoton mara, aka tura ruwa mai launi ta bakin mahaifa aka ɗauki hoto don a ga ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke. Wannan gwaji na ƙarshe yana da muhimmanci a nahiyarmu, domin toshewar bututun, wadda cututtukan saduwa ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa da ɓari kan haddasa, tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa ga matan Afirka. Nata sun fito lafiya. Likitan ya rufe fayil ya ce saura maigida.

Maigida bai zo ba. Bai ce ba zai zo ba, kullum dai akwai aiki a Abuja ko taro a Kaduna. Hujjarsa, wadda bai taɓa furtawa a fili ba amma ta fahimta, ita ce hujjar maza da yawa: tunda lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa, ai matsalar ba daga gare shi take ba. Ilimin likitanci ya raba waɗannan abubuwa biyu tun tuni. Namiji yana iya kasancewa da cikakken kuzari, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa su yi ƙaranci, ko su kasa motsi, ko su zama babu su sam. Hangum da ya kama mutum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, tsohon ciwon sanyi da ba a warkar da shi sosai ba, duk suna iya jawo haka. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajinsa kuwa ya fi kowanne sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da samfur, a duba a madubin likita. In sakamako bai yi kyau ba a maimaita bayan kamar wata uku, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi.

Shekara uku ta ɗauka tana lallashi kafin ya amince. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aunin hukumar lafiya na 2021 ya sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa, nasa kuwa bai ko kusanci wannan ba, sau biyu a jere. Sun dawo gida babu mai magana. Da dare ya ce mata, "Don Allah wannan magana ta tsaya tsakaninmu." Ta ce to.

Wannan "to" ɗin ita ce ta fi tsada a duk abin da ta biya. Tun daga ranar ta zama mai riƙon sirrin da ake hukunta ta a kansa. A wurin suna, ƙannen mijinta sukan miƙa mata jariri su ce ta ɗauka ko Allah zai sa ta yi goshi. A ofis, duk sa'o'inta sun koma Maman wane da Maman wance, ita kaɗai ake kira da sunan yanka. Uwar mijinta, mace mai kirki wadda ba ta taɓa zaginta ba, ta fara kiran ɗanta ɗaki tana lissafa masa 'yan matan dangi. Yayarta, wadda ita kaɗai ta gano gaskiya, ta ce mata, "Ke ma fa kina da haƙƙin haihuwa, kuma shekarunki ba jiran ki suke yi ba." Maganar yayar akwai gaskiya a cikinta. Mace da adadin ƙwanta take zuwa duniya, yana raguwa a yawa da inganci, kuma raguwar takan yi sauri bayan shekara 35. Shi ya sa likitoci ke cewa wadda ta kai wannan shekaru kada ta wuce wata shida ba ta nemi bincike ba. Shekaru ukun da mijin ya yi yana kauce wa asibiti, daga nata lokacin aka cire su.

Ta zaɓi zama. Likita ya ce hanyar da ta rage musu ita ce dashen da ake kira IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a mayar da abin da ya haɗu cikin mahaifa. Fasahar ba sabuwa ba ce. An haifi Louise Brown ta wannan hanya a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, kuma Robert Edwards, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya karɓi kyautar Nobel a 2010. A Nijeriya, Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Legas cikin shekarun 1980, sannan a 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Ga maza irin mijinta, babban sauyi ya zo ne a 1992, lokacin da likitoci a Brussels suka nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a tsira ta cikin ƙwai da siririyar allura. Mutumin da a da za a ce ya haƙura, yanzu 'yan ƙwayoyi kaɗan sun ishe shi.

Kafin su biya ko kwabo, sai da suka tambayi malamai. Amsar ta daɗe da samuwa. A 1980, Sheikh Jadul Haƙƙ, wanda yake muftin Masar a lokacin, ya ba da fatawar halasta dashen, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na birnin Amman a 1986. Sharaɗin a fili yake: ƙwan na matar, maniyyin na mijinta, mahaifar tata, kuma igiyar aure tana nan. Karɓar maniyyi ko ƙwan wani, ko aron mahaifa, malaman Sunna sun hana, saboda kiyaye nasaba. Wannan sharaɗi ya sa suka yi wa asibitin tambayoyin da kowane mai zuwa ya kamata ya yi: yaya ake lakabta samfur, mutum nawa ke shaida a kowane mataki, me ake yi da abin da ya rage.

Sai maganar kuɗi. Zagaye ɗaya yana cin miliyoyin naira, magungunan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma mafi yawan ma'aurata daga aljihunsu suke biya. Ta sayar da gwal ɗin aurenta, shi ya sayar da filin da ya saya don gini. Daga nan jikinta ya karɓi aiki, duk da cewa ba a jikinta matsalar take ba. Kusan kwana goma sha biyu tana yi wa kanta allura a ciki, wani lokaci a banɗakin ofis tsakanin taro da taro, ana yi mata hoto kowane kwana biyu ko uku don a ga girman ƙwayayen. Aka yi allurar ƙarshe da dare, bayan kamar awa 36 aka sa ta barci aka zuƙo ƙwai. Kwana biyar bayan haka aka dasa. Sai jiran mako biyu kafin gwajin jini, wanda duk macen da ta bi wannan hanya za ta ce shi ne mafi tsawo. Maganin da ake ba mace don riƙe dashen yana kawo kasala da nauyin ƙirji, alamomin ciki sak, don haka jiki da kansa yakan yi ta yi wa zuciya albishir ɗin da ba shi da tabbas.

Gwajin ya fito babu. Ko ga matan da ba su kai 35 ba, a ƙasashen da ke tattara alƙaluma da kyau, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kai wa ga haihuwa. Ta san wannan tun farko, akanta ce, lissafi aikinta ne. Sanin bai rage komai ba. Irin wannan rashi ba shi da jana'iza kuma ba a zaman makoki, washegari ta ɗaura ɗankwali ta tafi aiki. Zagaye na biyu ya kama, ta ga layi biyu a karon farko a rayuwarta, a mako na bakwai ya zube.

Bayan ɓarin ne ta yi maganar da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta ce masa za ta iya jure allura, za ta iya jure rashin ɗa in haka Allah ya rubuta, amma ba za ta ƙara zama a gaban Hajiya ana yi mata addu'ar samun lafiyar da ba ta rasa ba. Bai amsa a daren ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tafi gidansu shi kaɗai, ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, matsalar daga wurina take. Shekara uku ke nan da sani, ita ce ta rufa mini asiri." Tsohuwar ta yi shiru mai tsawo. Maganar ƙarin aure ba ta sake tasowa ba, kuma da ta zo duba surukarta, farfesun kaza ta kawo, ba jarka ba.

Daga nan suka zauna suka shata iyaka, abin da masu ba da shawara a asibitocin haihuwa kan nemi ma'aurata su yi tun farko. Sun amince cewa ba za su ci bashi ba, kuma ba za su sayar da gidan da suke ciki ba. Sun ware mutum huɗu da za su riƙa sanin halin da ake ciki, sauran kuwa amsarsu ɗaya ce: muna kan addu'a, a taya mu. Ta ba kanta izinin aika gudummawa wurin suna ba tare da ta je ba, a ranakun da zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta koma karatun ƙwarewa da ta ajiye shekara biyar saboda kullum tana tsammanin ciki zai katse shi. Ta fara ganin likitar ƙwaƙwalwa sau ɗaya a wata, bayan ta gane cewa rashin barci da kukan da ke zuwa mata a mota suna da suna kuma suna da magani.

Mutanenmu sukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma da wannan karin magana ake sallamar yawancin matan da ke cikin irin halinta. Haƙurin da ya cinye mata shekaru shi ne na yin shiru, wanda ya bar mutum ɗaya da kayan mutum biyu. Addinin da ake kafa hujja da shi bai ɗora wa mace laifi ba. Aya ta 49 da ta 50 a Suratus Shura sun lissafa mai 'ya'ya mata, da mai maza, da mai duka biyun, da wanda bai samu ba, duk a matsayin rabon da Allah ke yi. Nana A'isha ba ta haihu ba, an yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan yayarta Asma'u, kuma babu wanda ya isa ya ce rayuwarta ta tauye.

Yanzu tana da shekara 35. Akwai 'yar ƙanin mijinta mai shekara shida da suke riƙo, wadda ke kiran ta Mami, kuma ita ke kai ta makaranta kafin ta wuce ofis. A asibitin, cikin wani tulun ƙarfe mai tsananin sanyi, saura ɗan tayi guda ɗaya daga zagaye na biyu. Sun yanke cewa shi ne na ƙarshe, ko ya kama ko bai kama ba. An ba su rana bayan Babbar Sallah, kuma a wannan karon shi ne ya kira asibitin ya karɓi ranar, ya rubuta takardar neman hutu a wurin aiki.